Daga Ramin Marina Zuwa Ɗakin Gwaji: Masana Sinadarai da Baƙar Ƙasar Arewacin Kamaru

Duk wanda ya taɓa bin hanyar mota daga Garwa zuwa Marwa a watan Disamba, ya wuce Figil da duwatsunta na farar ƙasa, ya faɗa shimfiɗaɗɗun filayen Diyamare, ya ga abin da ke ɗaure wa baƙo kai. Ruwan sama ya ɗauke tun wata biyu da suka wuce, ciyawa ta bushe, hunturu ya fara busawa, amma ga dawa nan tsaye kore shar a kan wata baƙar ƙasa da ta tsattsage har hannun mutum na iya shiga cikin tsagar. Fulanin yankin suna kiran ƙasar karal, dawar kuma muskuwaari. Mu masakwa muka san ta, sunan da ya biyo ta daga Borno. Bayan damina ta ƙare ake dasa ta, a girbe ta a watan Janairu ko Fabrairu, ba tare da ta sha wani ruwa ba bayan ɗan wanda aka zuba mata ranar dashe.

Manomi ya san ƙasar tana riƙe ruwa. Ya gaji wannan sani daga ubansa, kuma bai taɓa ba shi kunya ba. Abin da ba a gadar masa ba shi ne dalilin da ya sa take riƙewa. Tsakanin sanin yadda ake yin abu da sanin dalilin da ya sa yake yiwuwa akwai tazara, kuma a cikin wannan tazara muka taɓa yin hasarar babbar sana'a sukutum. Yau za mu bi tarihin wannan hasara, mu kuma bi sawun malaman kimiyyar sinadarai na arewacin Kamaru, waɗanda suka ƙarar da shekarunsu suna tambayar baƙar ƙasar nan asirinta.

Mai dalilin aure

Kafin mu yi nisa, sai mun san wata kalma guda, wato katalis. A al'adarmu akwai mai dalilin aure. Ita ce ke shiga tsakanin gidaje biyu da da ba don ita ba sai su shekara goma suna kallon juna daga nesa. Ta kai magana, ta kawo magana, har a ɗaura aure, sannan ta yafa mayafinta ta nufi wani gida. Ba ita aka aura ba, ba a kuma rage ta da komai ba. Haka katalis yake a cikin sinadarai. Abu ne da ke hanzarta haɗuwar wasu abubuwa ko rabuwarsu, ya fito daga aikin yadda ya shiga, a sake amfani da shi. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Berzelius ne ya raɗa wa al'amarin suna a shekarar 1835. A yau an ƙiyasta cewa kusan tara cikin goma na kayan da masana'antun sinadarai ke yi, daga takin zamani zuwa roba da man fetur da magunguna, sai sun bi ta hannun wani katalis.

Sunan ne baƙo a wurinmu, aikin kuwa tsoho ne. Shekara biyu kafin Berzelius, a 1833, wasu Faransawa biyu, Payen da Persoz, sun tsamo wani sinadari daga tsiron sha'ir wanda ke mayar da sitaci sukari. Iyayenmu mata masu kunun zaƙi sun daɗe da sanin wannan da hannunsu. Sukan niƙa ɗanyen dankali ko tsiron hatsi, su jira damammen kunu ya ɗan huce, su zuba, su rufe ya kwana. Da safe kunun da ya kwanta da kauri ya tsinke ya yi zaƙi. Kowace gwana ta san cewa idan aka zuba a cikin tafasasshen kunu an yi hasara. Abin da ke faruwa shi ne zafi mai tsanani yana lalata katalis ɗin da ke cikin dankalin, irin wanda masana ke kira enzayim.

Marina

Babbar makarantar sinadarai ta kakanninmu ita ce marina. Bayan Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1809, ya kafa daular Fombina, ya zaunar da fadarta a Yola a 1841, sai hanyoyin kudu suka buɗe wa fatake. Hausawa da Barebari suka riƙa kwararowa da tufafin Kano da kanwa da duwatsun ado, suna komawa da hauren giwa, da kuma bayi, wanda yake tabo ne a tarihin wannan fatauci da bai kamata mu ɓoye ba. Da yawansu ba su koma ba. Garwa, wadda ke zaune a gaɓar Binuwai a ƙasar da Fali da Bata suka riga kowa zama, ta zama ɗaya daga cikin masaukansu, kuma har gobe sunayen unguwanninta suna ba da shaida: ga Fulɓere, ga Hausare, ga Kolere ta Barebari. Cikin sana'o'in da waɗannan baƙi suka shahara da su a faɗin yankin akwai saƙa da ɗinki da jima da rini.

Mu tsaya a bakin ramin rini mu duba abin da ke faruwa a ciki. Ganyen baba kore ne, babu shuɗi a cikinsa da ido zai gani. Sai an daka shi, an cura, ya ruɓa ya sha iska, sannan shuni ya bayyana. To amma shuni ba ya narkewa a ruwa, abin da bai narke ba kuwa ba ya shiga zare. Nan ne gwanintar marini take. Zai cika rami mai zurfin da ya fi tsayin mutum da ruwa, ya zuba toka da baba da katsi, ya riƙa motsawa yana jira kwanaki. Toka tana ba ruwan kaifi irin na kanwa. A cikin wannan kaifi, can ƙasa inda iska ba ta kaiwa, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sukan hayayyafa, kuma enzayim ɗinsu ne ke juya shuni zuwa wani kamanni mai narkewa. Shi ya sa zanen da aka tsamo daga rami yake fitowa kore-kore, sai ya sha iska a gaban idon mai kallo ya rikiɗe ya zama shuɗi, ya kama zaren ƙam.

Marini bai san sunan ƙwayoyin ba, amma yana kiwonsu. Yana duba kumfa, yana sansana wari, wani ma har ya ɗanɗana da harshe, ya gane ko rami ya nuna ko ya gaji. Idan rami ya mutu, a kwashe lakar da ta kwanta a ƙasansa, a cura, a shanya, a ƙone, ta zama katsi. Wani a mayar da shi cikin sabon rami, wani a haɗa laso da shi a shafe bangon ramin ko soron gida don kada ruwa ya ratsa. A marina ba a zubar da komai. Mu riƙe wannan, domin za mu sake haɗuwa da shi a ƙarshen labarin cikin wata sabuwar riga.

Ma'aunin zafin da ya fashe

Lokacin da marinanmu ke bakin ramukansu, wasu mutane a gaɓar kogin Rhine a Jamus suna tambayar abin da mu ba mu tambaya ba: shi shunin nan, da me aka gina shi? Adolf von Baeyer ya shafe shekaru yana bin wannan tambaya, har ya zana tsarin ƙwayar shuni a 1883, aikin da yana cikin abin da ya jawo masa kyautar Nobel a 1905. Sanin tsari daban, yin abu da araha daban. Kamfanin BASF na garin Ludwigshafen ya kwashe kimanin shekara 17 yana zuba kuɗi don ya samo hanyar da za ta biya. Kayan aikin da suka dogara da shi shi ne naftalin, wato farin ƙwallon nan mai wari da muke jefawa cikin akwatin tufafi don korar asu, wanda ake samu daga kwaltar gawayin kwal. Mataki ɗaya ya tsaya musu a wuya, domin juya naftalin zuwa abin da ake buƙata yana tafiyar hawainiya.

Labarin da masana tarihin sinadarai ke bayarwa shi ne, wata rana ma'aunin zafi ya fashe a cikin tukunyar gwaji, zaibar da ke cikinsa ta zube cikin tafasasshen asid, sai aikin da ke jan ƙafa ya ɗauki gudu. Zaiba ta zama mai dalilin aure. A 1897 BASF ya fito da shunin kanti kasuwa. A wannan shekara duniya ta samar da kimanin tan 19,000 na shunin ganye, galibi daga Indiya. Zuwa 1914 abin ya faɗo kusan tan 1,000.

Shekara huɗu bayan fitowar shunin kanti, a 1901, sojojin Jamus suka ci Garwa, a shekarar da Ingilishi suka kori Lamiɗo Zubairu daga Yola. A farkon 1902 suka ci Marwa. Mulkinsu bai daɗe ba, don a watan Yuni na 1915 Garwa ta faɗa hannun Ingilishi da Faransawa. Amma abin da masana sinadaransu suka ƙirƙira ya fi bindigarsu daɗewa. Marina ba ta mutu rana ɗaya ba. A hankali atamfa da yadin Turai suka cika kasuwa, jiragen ruwa suna hawo da su Binuwai har tashar Garwa a 'yan watannin da kogi ke cika. A hankali garin shuni na gwangwani ya maye gurbin baba, soda da garin da marina ke kira haidiro suka maye gurbin toka da kwanakin jira, ganga ta maye gurbin rami. Aikin mako ya koma na sa'a guda. Ba za mu ga laifin wanda ya zaɓi sauƙi ba, yana da iyali da zai ciyar. Sai dai daga ranar ya daina zama mai haɗa rininsa, ya koma mai sayen na wani, ruwan da yake zubarwa kuma ya zama mai ƙona ƙasa.

Auduga da man angurya

Faransawa sun dubi arewacin Kamaru suka ga gonar auduga. A farkon shekarun 1950 kamfaninsu na CFDT ya fara yaɗa nomanta don sayarwa waje, Ka'ele tana cikin manyan cibiyoyinsa. Bayan 'yancin kai a 1960, a ƙarƙashin Ahmadu Ahijo wanda haifaffen Garwa ne, garin ya samu masana'antu. CICAM ta kafa masaƙa, aka gina masana'antar siminti a Figil, a 1974 aka kafa SODECOTON da hedikwatarta a Garwa, a wannan shekarar kuma jirgin ƙasa ya iso Ngaundere. A 1982 aka kammala madatsar ruwa ta Lagdo wadda ke ba yankin lantarki.

Auduga tana zuwa da 'ya'yanta, wato angurya, kuma a cikin angurya akwai mai. Ɗanyen man angurya baƙi-baƙi ne mai ja, saboda wani sinadari mai suna gosifol da itacen ke kare kansa da shi daga ƙwari, wanda kuma guba ne ga mutum idan ya yi yawa. Kafin man ya zama garai-garai irin Diamaor da matan Garwa da Marwa ke suya da shi, sai an tace shi hawa-hawa. Ɗaya daga cikin matakan tace man girki shi ne a gauraya shi da wata ƙasa ta musamman mai tsotse launi da datti, sannan a tsame ta. Wannan ƙasa yumɓu ce da aka sarrafa, kuma masana'antun mai na ƙasashenmu daga ƙetare suke sayo ta. Masu magana suka ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. A nan ne masana sinadarai na arewa suka shigo labarin.

Hanyar malamin sinadarai

Cibiyar jami'a ta Ngaundere ta fara aiki a farkon shekarun 1980 a Dang, kimanin kilomita 15 daga gari, da manufar horar da injiniyoyin sarrafa amfanin gona. A watan Janairu na 1993 ta zama cikakkiyar jami'a, makarantar injiniyoyin kuma ta ɗauki sunan ENSAI. Shekara goma sha biyar ita kaɗai ce jami'ar gwamnati a duk arewa, kafin a kafa ta Marwa a 2008, sannan ta Garwa a watan Janairu na 2022.

Hanyar zama malamin sinadarai a nan doguwa ce. Yaron da ya gama sakandare a fannin kimiyya a Garwa ko Gidar ko Yagwa zai hau mota zuwa Dang, ya yi digirin farko, ya yi na biyu, sannan ya shiga neman digirin digirgir wanda kan ci shekara huɗu ko fiye. Idan an ɗauke shi aiki, matakai huɗu ne a gabansa: mataimakin malami, malami mai riƙe da darasi, mataimakin farfesa, sannan farfesa. Ba a hawa kowane mataki sai da binciken da aka buga a mujallun da masana ke tantancewa. Binciken yumɓu kuwa yana buƙatar na'urorin da kuɗinsu ya fi na gina makaranta: mai haska tsarin ƙwayoyi da hasken eksire, da madubin lantarki mai girmama abu sau dubu ɗaruruwa, da mai auna faɗin ramukan da ke cikin ƙura. Saboda haka rayuwar da yawa daga cikinsu ta rabu gida biyu. Su haƙo ƙasa a daji da rani, su wanke ta su tace a Dang, su ƙulla ta a 'yan ledoji, su tafi da ita Turai su auna, su dawo su tarar da aji cike da ɗalibai yana jiransu.

Misali a fili shi ne na Farfesa Richard Kamga na ENSAI. A shekarar 2000, shi da Joseph Kayem da Paul Rouxhet na jami'ar Louvain ta Beljiyam sun wallafa bincike kan yadda gosifol na man angurya ke mannewa a jikin wasu ma'adinai. Tambayar daga gonar auduga ta fito, amsar kuma don matatar mai ake nemanta. Bayan haka, tare da Jean Pierre Nguetnkam, masanin ƙasa da duwatsu na jami'ar Ngaundere, da Frédéric Villiéras da Jacques Yvon na birnin Nancy a Faransa, suka juya kan yumɓun Kamaru, har da na baƙar ƙasar arewa mai nisa. Suka jiƙa shi da asid, suka auna yadda ramukansa ke buɗewa, suka gwada shi a kan man girki. An kuma yi irin wannan gwaji a kan man kaɗanya. Abin da suka buga a shekarun 2005 da 2008 ya nuna cewa yumɓun gida, idan an sarrafa shi yadda ya dace, yana iya tsotse launin mai.

A 2017 aka naɗa Farfesa Uphie Chinje Melo shugabar jami'ar Ngaundere. Ita ma masaniyar sinadarai ce, wadda ta shafe shekaru tana jagorantar MIPROMALO, hukumar da ke bunƙasa kayan gini na gida kamar jan bulo da yumɓu. Jami'ar tana da makarantar injiniyancin sinadarai da masana'antun ma'adinai, tana da ta ilimin ƙasa da haƙar ma'adinai a Maiganga. A cikin shekara arba'in, yankin ya zama mai yaye daktocin sinadarai.

Asirin karal

Yanzu mu koma ga tambayar da muka fara da ita. Me ya sa karal ke riƙe ruwa? Amsar tana cikin wani ma'auni da ake kira nanomita. A raba mita ɗaya gida biliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashin mutum ya kai nanomita dubu hamsin zuwa dubu ɗari. Yumɓun da ya fi yawa a cikin karal, wanda masana ke kira simektait, an gina shi ne da faifai-faifai a jere kamar takardun littafi, kowane faifai kaurinsa kusan nanomita ɗaya. Idan ruwa ya zo, sai ya kutsa tsakanin faifan, ƙasa ta kumbura ta yi danƙo. Idan rani ya yi, ruwan sama-sama ya fita, ƙasa ta tsuke ta tsage, amma na can ciki yana nan maƙale, saiwar masakwa tana tsotsa a hankali. Da za a shimfiɗa faifan da ke cikin giram ɗaya na wannan yumɓu, da sun rufe fili mai faɗin murabba'in mita ɗaruruwa.

Wannan faɗi shi ne dukiyar. Katalis a kan fuskarsa yake aiki, kamar yadda ciniki ke yiwuwa a kan faɗin kasuwa. Gwargwadon ƙanƙantar ƙwayar abu, gwargwadon yawan fuskarsa, har ma halinsa kan canja. Zinariya ta shahara da rashin haɗuwa da komai, shi ya sa ba ta tsatsa. Amma a 1987 Masatake Haruta na Japan ya nuna cewa idan aka mayar da ita ƙwayoyi masu faɗin 'yan nanomita, sai ta zama katalis mai ƙarfi da ke kawar da gubar hayaƙi ko a cikin sanyi. Shi kuwa yumɓu, idan aka dafa shi da asid, wasu ƙarafa suna zubewa daga cikin faifansa, ramuka su buɗe, fuskarsa ta yi kaifi. Irin wannan yumɓu ne ke tsotse launin mai, kuma shi ne Eugène Houdry, injiniya Bafaranshe, ya yi amfani da shi a Amurka a 1936 da 1937 wajen farfasa ɗanyen mai zuwa fetur mai ƙarfi, wanda jiragen saman yaƙin duniya na biyu suka sha. A ƙarshen shekarun 1980 masu bincike na Toyota suka cusa faifan irin wannan yumɓu cikin roba, ta ƙara ƙarfi da jure zafi.

Akwai ma inda shuni da yumɓu suka taɓa haɗuwa. Mutanen Maya na ƙasar Meziko da maƙwabtanta sun gasa shuni tare da wani farin yumɓu, suka sami shuɗin fenti da ya shafe ɗaruruwan shekaru a jikin bango cikin zafi da damshi bai kwaɗe ba. Sai a ƙarni na 20 aka gane cewa ƙwayoyin shunin sun shige cikin 'yan ramukan yumɓun ne suka ɓuya. Masana na yau suna lissafa shi cikin tsofaffin kayan nano da ɗan Adam ya yi da hannunsa.

Duniya ta juyo

Masana'antar da ta kashe marina ta bar wa duniya bashi. Zaibar nan da ta hanzarta shunin Jamus guba ce, har sai da ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Minamata a 2013 don taƙaita amfani da ita. Yawancin katalis masu ƙarfi daga ƙarafa masu tsada da ƙaranci ake yin su, irin su filatinom. A 1998 wasu Amurkawa biyu, Paul Anastas da John Warner, suka tsara ƙa'idoji 12 na kimiyyar sinadarai mai kiyaye muhalli. Ta farko ita ce hana shara tun daga tushe ya fi share ta. Akwai wadda ta ce a yi aiki da abin da ke sake tsirowa, akwai wadda ta ce a fifita katalis, akwai wadda ta ce a rage wuta. Duk wanda ya san katsi da ramin da ke nuna da zafin rana kawai, zai ji kamar ya taɓa jin wannan karatu. A yau akwai ɗakunan gwaji a Turai da Asiya da ke neman yadda za a narkar da shuni da ƙwayoyin halitta ko enzayim a maimakon haidiro, don rinin wandunan jins ya daina ɓata koguna.

Kada wannan ya ruɗe mu mu ce ai kakanninmu sun riga kowa, mu koma mu kwanta. Sun san yadda ake yi, kuma sun yi da kyau, amma ba su auna ba, ba su rubuta ba, shi ya sa da aka zo da abin da ya fi nasu araha ba su da hanyar gyara nasu ya yi gogayya. Abin da ya sauya shi ne, kayan da sabuwar kimiyyar ke nema suna ƙarƙashin ƙafafunmu. Yumɓu yana Diyamare da kwarin Binuwai. Farar ƙasa tana Figil, kuma ƙonanniyar farar ƙasa da tokar itace suna cikin katalis masu araha da ake gwadawa wajen mayar da man tsirrai man inji. Ga angurya, ga 'ya'yan dogon yaro da ke zuba a titunan Marwa da Garwa. A tudun Adamawa, a Minim da Martap da Ngaundal, akwai tarin ma'adinin boksait, wanda daga gare shi ake samun alumina, shimfiɗar da ake ɗora katalis da yawa a kanta.

Buƙatun ma namu ne. A kwarin Mayo Tsanaga akwai ƙauyukan da ruwan rijiyarsu ke ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da kima, haƙoran yara suna yin ja suna lalacewa, alhali an san yumɓu da alumina da ƙonannen ƙashi suna iya tsotse shi. Ruwan da masu rini da majema ke zubarwa a bayan gidajenmu yana buƙatar mai tace shi. Babu wani kamfani a gaɓar Rhine da zai kwana yana tunanin rijiyar wani ƙauye a gindin duwatsun Mandara.

Abin da ke gabanmu ke nan. Ko dai a kwashi yumɓu da boksait a jirgin ƙasa zuwa Duwala, kamar yadda aka kwashi hauren giwa da auduga, a dawo mana da su cikin buhu da tambarin wani, ko kuma binciken da ke kwance a kan kantocin Dang da Marwa ya sami masu kuɗin da za su fitar da shi daga takarda zuwa masana'anta. Mu Hausawan Kamaru an san mu da kasuwa, kuma da yawa daga cikin 'ya'yanmu sukan bar aji da wuri su kama shago. Ba aibu ba ne, da fatauci kakanninmu suka zo ƙasar. Amma attajirin da zai iya cika tirela da garin rini daga Duwala zai iya ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya ko ɗaliba ɗaya har zuwa digirin digirgir, zai kuma iya zama da malaman ENSAI ya tambaye su nawa ne kuɗin gwada tan ɗaya na yumɓun gida a matatar mai. Jami'ar Garwa tana kan tasowa, kuma waɗanda suka shiga da wuri su ne za su zama malamanta.

Akwai kuma aikin da ba ya jiran kuɗi. A Hausare da Kolere, a Marwa da Ngaundere da garuruwan da ke tsakani, akwai sauran dattawan da suka ga rami yana aiki, suka san tokar wane itace ta fi kaifi, da kwana nawa rami ke nuna da hunturu, da nawa da bazara, da abin da ake yi masa idan ya yi rauni. Wannan sani awo ne da aka tara cikin ɗaruruwan shekaru, kuma masanin sinadarai zai iya karanta shi. 'Yan'uwa na Garwa da kewaye, wanda yake da irin wannan dattijo a gidansu ya zauna da shi da waya ko alƙalami tun yana raye, ya kawo mana abin da ya ji, mu haɗa shi wuri ɗaya, mu miƙa wa masu ɗakin gwaji.